Sitiyari na rawa, ƙafar gaba na gunji tun da na dawo daga ƙauye: daga ina zan fara?

Ɗan_Bagalam75:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa direbobi da makanikai, shawara nake nema kafin in zuba kuɗi inda bai kamata ba. Motata Land Cruiser ce a-kori-kura, HZJ75 ƙirar 1996, injin 1HZ, mai lam gaba da baya. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Shekara shida ke nan tana hannuna, kuma da ita nake ciyar da gida biyu.

Ranar Asabar na kai kayan biki wani ƙauye can bayan Kornaka. Da muka bar babbar hanya sai rairayi, na rage iska, na kulle ƙafafun gaba, na sa kirabo, muka isa lafiya. Da dare aka tafka ruwa. Da safe muna dawowa muka tarar kwarin Gulbin Kaba ya ɗauki ruwa, muka ratsa, ruwan har ya rufe cibiyar taya. A tsakiyar ruwan ƙafar gaba ta dama ta daki wani abu, ina zaton kututture ne, har sitiyari ya fizge daga hannuna. Bayan nan mun yi kusan awa guda cikin taɓo.

Tun da na hau kwalta abu uku nake gani. Sitiyari na rawa idan na kai gudun kilomita 70 zuwa 80, in na sauko ƙasa da haka sai ya lafa. Akwai wani gunji daga gaba kamar na injin niƙa daga nesa. Sannan motar na ja dama, sai na riƙe sitiyari ya ɗan karkata hagu kafin ta tafi miƙe. Na kai ta wani gareji, maigidan bai ko ɗaga ta ba, ya zagaya ta sau ɗaya ya ce a sayo amortisa biyu, rotil huɗu, wato mahaɗan da ke bakin sandunan sitiyari, da taya biyu. Raina bai kwanta ba. Daga ina zan fara?

MaiFaci_Zariya:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, ka wanke motar tukuna? Ba jikinta nake nufi ba, cikin janti ta baya, inda ido ba ya gani. Duk damina sai an kawo mini motoci suna rawa, in na kwance taya in tarar da laka ta bushe ta manne a gefe guda kamar an yaɓa ta da hannu. Dunƙule ɗaya da bai kai girman kwano ba ya isa ya sa sitiyari rawa a daidai gudun da ka faɗa. Ka kwance tayoyin gaba, ka kankare, ka wanke, ka sake gwadawa.

Direban_Dakoro:
Amortisan sitiyari ne. Tawa ta yi haka bara, na canza shi, rawa ta tsaya. Kada ka wahalar da kanka.

Baba_Makaniki:
Direban_Dakoro, ɗana, ba haka a kai ba. Amortisan sitiyari ba shi kawo rawa, ɓoye ta shikai. In ka sa sabo ya danne rawar, ciwon yana nan ciki yana ci, ran da ya fi ƙarfin amortisan sai ka ji shi gaba ɗaya, wataƙila da lodi a bisa hanya.

Ɗan_Bagalam, ka yi daidai da ba ka sayi komi ba. Abu uku ka lissafa, kuma kada ka ɗauka uwarsu ɗaya. Mota ta sha ruwa, ta sha taɓo, ta sha duka, kowane na iya barin nashi tabo.

Ga abin da za ka yi gobe da safe, a wuri mai tauri, ba bisa rairayi ba. Ka sa dutse gaba da bayan tayar baya. Ka ɗaga ƙafar dama da kirik, wato jak, ka tokare pon da guntun icce mai kauri, kada ka yarda da kirik shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ka kama taya sama da ƙasa, hannu ɗaya bisa, ɗaya ƙasa, ka girgiza da ƙarfi. In ka ji ƙwas-ƙwas, ka sa yaro ya taka birki ya riƙe, ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulman ƙafa ne, don birki ya damƙe faranti da cibiya sun zama abu ɗaya da gwiwa, wato ƙarfen da ke juya ƙafa in an murɗe sitiyari. In yana nan duk da birki, to rulman pibo ne, waɗanda ke sama da ƙasan gwiwar. Sannan ka kama tayar dama da hagu ka girgiza, yaron ya sa ido bisa rotil, ya ɗora hannu ma. Wanda ya mutu za ya ji shi yana tsalle cikin tafin hannunshi. Daga ƙarshe ka juya tayar da hannu, ka kasa kunne. Rulma mai lafiya shiru take. Wadda ta sha ruwa za ka ji kamar ana niƙa tsakuwa.

Ka yi wannan ka dawo ka gaya muna.

Bakatsine_Jibiya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ya yi. Amma ku taimaka wa na wannan gefen iyaka, rulma ita ce boris ko? Kirabo kuma fa?

Sani_Tasawa:
Ita ce, Malam. Rulma boris, amortisa shokazoba, lam sifirin, janti kuma rim, pon shi ne aksul. Kirabo ita ce ƙaramar giyar nan da ke sa ƙafa huɗu su ja. Mu nan Maradi duka biyun muna ji, don rabin kayan gyaranmu ta Ɗan Isa suke shigowa.

Ni tambayata ga mai mota: da ka hau kwalta ka cire kirabo? Kuma ka sauka ka buɗe makullan ƙafafun gaba, ka maida su kan FREE? Waɗannan motoci ba irin masu ja da ƙafa huɗu kullum ba ne, ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya. In ka bar kirabo a kan kwalta, ƙarfe na murɗe ƙarfe, sitiyari ya yi nauyi, taya na ƙara a kwana.

Ɗan_Bagalam75:
Na gode ƙwarai, Baba da sauran 'yan'uwa. Malam Sani, kirabo na cire tun a bakin babbar hanya, amma makullan sai jiya na tuna, suna kan LOCK. Na buɗe su na tafi har Tibiri na dawo. Motar ta ɗan yi sauƙi a hannu, amma gunji da rawa suna nan yadda suke.

Sani_Tasawa:
To wannan ma amsa ce. Da makulli a buɗe kuma babu kirabo, kardan ɗin gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa pon, da abin da ke cikin pon ba sa juyawa. Tunda gunjin bai tafi ba, ba daga can yake ba. Saura taya, rulma da birki.

Hajiya_MaiAya:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba makanikiya ba ce, amma ina da Hilux biyu tsofaffi da ke ɗauko mini aya da wake daga ƙauyukan Agye da Gazawa, kuma na sha kuɗin gyara har na koyi sauraron mota. Ƙanena, abin da nake roƙonka, kada ka ɗora mata lodi sai ka gano gunjin nan.

Shekara uku da suka wuce direbana ya ce mini ƙafa na kuka. Lokacin kaka ne, kaya sun taru, na ce ya yi sawu ɗaya tukuna. A hanyar dawowa, da buhu cike da baya, ƙafar gaba ta ɗau zafi har giris ya narke ya zubo, rulma ta kama, motar ta fizga gefe ta faɗa gonar mutane. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma yaron mota ya karye a hannu, kuma har yau in na gan shi sai gabana ya faɗi, don ni na ce a tafi. Da aka kwance, ƙarfen da rulmar ke zaune a kai ya yi shuɗi saboda wuta, sai da aka nemo wani. Gyaran da zai ci kuɗi kaɗan ya ci ninki wajen goma, ban da asibiti.

Tun daga ranar, direbobina in sun yi tafiya mai nisa suka tsaya, dole su zagaya su taɓa cibiyar kowace taya da bayan hannu. Wadda ta fi 'yan'uwanta zafi, a nan maganar take.

Ɗan_Bagalam75:
Allah ya ƙara tsarewa, Yaya Hajiya. Na ji, kuma na ajiye ta. Akwai wanda ya kira ni ɗaukar siminti zuwa Madarumfa na ba shi haƙuri.

Injiniya_Mokoyo:
Ƙari kan maganar Hajiya: zafi ba rulma kaɗai ke kawo shi ba. Wannan mota faranti gare ta a gaba, ganga a baya. In laka ko tsatsa ta hana birkin dama sakin faranti, ƙafar za ta yi zafi, kuma motar za ta ja dama, daidai abin da ya faɗa. Saboda haka in ka ɗaga ka juya tayar, lura ko tana juyawa sakayau ko tana tsayawa nan take. Ka gwada ta hagu ma don ka sami abin kwatantawa. Gangunan baya kuma a buɗe su a wanke, taɓo na shiga ya zauna ya cinye takalmin birki.

Akwai gwajin da ake yi a kan hanya, wuri mai fili babu mota gaba da baya. A gudu matsakaici ka ɗan karkata hagu, ka dawo dama, a hankali. In ka karkata hagu nauyi na komawa ƙafafun dama, rulmar dama in ta lalace sai gunjin ya ƙaru, in ka koma dama ya ragu. Gunjin taya kuwa ba ya damuwa da wannan, shi da irin kwalta yake canzawa.

Direban_Dakoro:
Ni a sanina in ka juya dama ne ta dama ke kuka.

Injiniya_Mokoyo:
A'a ɗan'uwa, tuna yadda buhu ke zamewa a bayan mota. In ka sha kwana hagu, ina yake tafiya? Dama. To nan nauyin yake.

Tsohon_Direba_Bermo:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Shekara ashirin da wani abu na yi ina tuƙa irin wagga mota tsakanin Dakoro, Bermo da dajin Gadabeji, kuma abin da ba wanda ya taɓo shi ne ruwan da ya ratsa. Dukan kututture kowa na jin shi, amma ruwa shiru yake shiga.

Bisa kowane pon akwai wani ɗan ƙaramin hanci mai hula, ta nan pon ke numfashi. Ka yi tafiya pon ya yi zafi, ka faɗa ruwa mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙo ruwa, ko ta hancin ko ta bakin sil, wato robar da ke tare mai. Yaro, ka kwance bulon zuba mai, wato notin da ke toshe ramin, na pon gaba da na baya, ka sa yatsa. Mai lafiyayye kalar zuma gare shi ko ya ɗan yi duhu. In ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ne, ka zubar ka sa sabo mai lamba 90. Ka duba na akwatin kirabo shi ma.

Sannan ka leƙa bayan tayar, wurin ƙwallon ƙarfen nan da gwiwa ke juyawa a kai. In ya ɗan yi maiƙo sama-sama, haka yake. In ka ga wani baƙin abu kamar kunu yana ɗiga har bisa taya, sil na ciki ya mutu, man pon ya gauraye da giris ya wanke shi. Daga nan sai ka fara jin ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗe sitiyari duka cikin kirabo.

Mu da, kafin damina, muna cire hular hancin nan mu sa tiyo mu ja shi sama har cikin gidan inji. Aikin rabin awa ne. Motar da munka yi wa haka, ko Gulbi ta ratsa, mai na nan yadda yake.

Yaron_Gareji:
Baba Tsohon Direba, wannan dabarar tiyo ban taɓa gani ba, zan nuna wa maigidana. Tambaya: giris ɗin gwiwa da na rulma iri ɗaya ne? Mu guda muke sa wa duka.

Baba_Makaniki:
Ba ɗaya ba ne, ɗana. Na cikin gwiwa baƙi ne mai ruwan toka, wanda aka haɗa da moli, don haɗin da ke ciki yana shan matsa. Na rulman ƙafa kuwa na jure zafi ne. Kuma giris ba shafa shi a kai bisa rulma kamar man shanu ba. Ka ɗora shi a tafin hannu, ka dinga danna bakin rulmar a kai har ya ɓullo ta ɗaya gefen tsakanin 'ya'yan. Yara da yawa nan suke kuskure, rulma sabuwa ta mutu cikin wata biyu a ce jabu ce.

Ɗan_Bagalam75:
'Yan'uwa ga rahoto. Yau tun bayan sallar asuba ni da ƙanena muka hau aiki a ƙofar gida.

MaiFaci, Allah ya biya ka. Cikin jantin dama na ciro laka busasshiya ta kusa cika kwanon sha, har da ciyawa a ciki. Na hagu ma akwai, amma kaɗan. Baba, na girgiza sama da ƙasa, akwai motsi sosai, har ana jin ƙara. Ƙanena ya taka birki, motsin ya ɓace sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da na juya tayar tana juyawa ba tare da birki ya riƙe ta ba, amma tana gurnani, kuma na ɗora hannu a kan lam ina jin kakkarwar har cikin yatsuna. Ta hagu shiru. Dama da hagu kuma rotil ɗaya ne kawai ke da ɗan motsi, robarsa ta yage, sauran ukun garau. Man pon gaba ya yi fari kamar yadda Baba Tsohon Direba ya ce, na baya lafiya lau.

Bayan wanki na gwada ta a hankali zuwa hanyar Tibiri. Rawar ta ragu ƙwarai, saura kaɗan. Gunji na nan, ja dama na nan.

MaiFaci_Zariya:
Alhamdu lillahi. Sauran rawar, ka duba janti ko ya lanƙwashe. Tayar na sama, ka kafa bulon siminti a gefe, ka ɗora sukurdireba bakinsa na kusan taɓa leɓen jantin, ka juya a hankali. In tazarar na buɗewa tana rufewa, ya bugu. Ka shafa tayar da tafin hannu ko'ina, ciki da waje, ko ta yi ƙulu. Duka irin wannan na tsinka wayar cikin taya ba tare da ta fashe ba. Hanya mafi sauƙi, ka maida tayar gaban nan baya ka kawo ta baya gaba. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama ɓarawon.

Abu ɗaya kuma da nake roƙo. In jantinka irin na asali ne mai zobe, mai taya 7.50R16 da tiyub, kada ka bari yaro ya buga masa iska yana tsugune a kansa. Wanda ya sha duka zobensa na iya ƙin zama daidai, in ya tashi kuwa ba ya barin abin da ya tarar. Na ga wanda ya fasa rufin kwano na rumfa. Mu muna juya zoben ya kalli ƙasa ko bango, mu ɗaure da sarƙa, mu tsaya nesa da dogon tiyo.

Bakatsine_Jibiya:
Wannan gaskiya ne, mu ma nan an sha yi. Game da boris, Malam, in za ka saya ka nemi Koyo, irinsa ke zuwa da motar. Amma a yi hattara, kwali ba shaida ba ne, masu jabu sun iya buga kwali. Ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen, ka je da tsohon a hannu. A Ƙofar Ruwa ta Kano akwai kowane iri, mai kyau da marar kyau, sai wanda ka sani. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Alhaji_SabonGari:
Ba sai an je Kano ba, a nan Maradi ma ana samu in ka ce na asali kake so kuma ka yarda ka biya. Ni shawarata ma daban ce. Motar 1996, ta yi aikinta. Ka gyara ka sayar ka nemi Land Cruiser 79, ita gabanta sifirin mai murɗi ne, ta fi taushi. Jantunanka ma za su hau.

Sani_Tasawa:
Alhaji, da girmanka, ba za su hau ba. Ta 75 bulon ɗaure taya shida gare ta, 79 da ta fito daga 1999 biyar ne.

Ɗan_Bagalam75:
Alhaji na gode, amma wannan ba ta sayarwa ba ce. A cikinta na koyi tuƙi ina zaune gefen mahaifina. Injin bai taɓa ba ni kunya ba, kuma duk garin da na lalace akwai wanda ya san ta.

Baba_Makaniki:
Mu koma kan aiki. Rulma ce, ba shakka. Ka canza ta ciki da ta waje tare, har da zobban da suke gudu a kai, da sil na baya. Kada makaniki ya ce zoben tsoho na da kyau a bar shi. Wurin ɗauri nan ne gwaninta take: noti biyu ne manya, lamba 54, da wasa mai kunne a tsakaninsu. A ɗaure na farko sosai ana juya cibiya don rulma ta zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa daidai yadda babu motsi kuma tana juyawa ba wahala. Sannan wasa sabuwa, noti na biyu, a lanƙwasa kunne. In ka ga mutum ya ɗauko kurfi da guduma za ya bugi notin, ka ce mishi ya dakata a nemo makulli. Tunda an buɗe, a leƙa gwiwar a ga ko ruwa ya shiga, a kuma taɓa noti huɗun da ke riƙe hannun sitiyari, duka na sassauta su.

Ɗan motsin da ya saura da birki a take, ka sa ido a kai. Pibo ke nan ya fara gajiya.

Ja dama kuwa wani zance ne. Ni zargina bulon tsakiyar lam. Shi ke riƙe pon a wurinshi. In ƙafa ta daki abu da ƙarfi yakan katse, pon ya zame baya ta gefen, mota ta dinga bin wannan gefe. Ka auna daga cibiyar tayar gaba zuwa ta baya, dama da hagu. Mita uku ba santimita biyu ya kamata ka samu, 2980 a milimita, kuma duka gefen su zo ɗaya.

Injiniya_Mokoyo:
Baba, ina tare da kai, sai dai awon daga cibiya zuwa cibiya na iya ruɗi in tayoyin gaba ba su miƙe sosai ba, ɗan karkata kaɗan sai ya ba da bambanci. Gara ya auna daga bulon da ke riƙe kan lam a jikin shasi zuwa jikin pon, dama da hagu. Kuma ya duba inda ƙarafan da suka rungume pon da lam suke zaune. In pon ya zame zai ga wuri mai ƙyalli inda tsatsa ta goge.

Ni kuma na fi zargin sandar da ke haɗa ƙafafun biyu. Tunda sitiyari ya fizge daga hannunsa, ƙarfin dukan ta nan ya bi. In ta lanƙwashe ko kaɗan tsawonta ya ragu, tayoyin ba sa kallon wuri ɗaya. A auna tsakanin tayoyin ta gaba da ta baya a tsayin cibiya, bambancin bai kamata ya wuce 'yan milimita ba.

Direban_Dakoro:
Kafin duk wannan, iskar fa? Ya ce ya rage a rairayi. Wa ya buga masa da ya fito, kuma da wane ma'auni? Taya ɗaya in ta fi taushi mota za ta bi ta.

Baba_Makaniki:
Wannan karon ka yi gaskiya, ɗana. Da shi ya kamata mu fara.

Hajiya_MaiAya:
In an ce sandar ce ta lanƙwashe, ƙanena, kada ka yarda a gasa ta da wuta a miƙe. An taɓa yi wa tawa, ba ta yi wata uku ba ta sake lanƙwashewa a wurin. Ka nemi wata ko ta hannu ce.

Ɗan_Bagalam75:
Salam. Kwana biyu ina gareji, wani daban, wanda Malam Sani ya kwatanta mini ta waya. Na tsaya a kansu har aka gama. Rulmar waje da aka ciro 'ya'yanta sun yi tsatsa da ƙananan ramuka, giris ɗin ya koma ruwan ƙasa, da ka murza shi a yatsa sai ka ji yashi. An sa sababbi, an canza rotil ɗaya, an zuba sabon mai a pon. Amortisa kuwa da aka duba babu mai yoyo, tayoyina ma babu ƙulu. Jantin dama ya ɗan bugu a leɓe, na maida shi safaya.

Gunji ya tafi gaba ɗaya. Rawa ta tafi. Na je Gidan Rumji na dawo na taɓa cibiya, ɗumi kawai, daidai da ta hagu.

Direban_Dakoro, iskar dama ta gaza ta hagu da kusan rabin kilo, an daidaita, jan ya ragu amma bai bari ba. Awon lam kuma na yi yadda Injiniya ya ce, gefen dama ya bambanta da na hagu da kusan santimita ɗaya. Wuri mai ƙyalli ban gani ba, sai dai laka ta rufe wurin sosai. Sandar ma in na kalle ta daga ƙasa kamar tana da ɗan doro, ƙanena kuma ya ce shi miƙe yake ganinta.

Baba_Makaniki:
Santimita ɗaya ba ƙarami ba ne. Bulon ne. A sassauta a ɗaga a gani.

Injiniya_Mokoyo:
Zai iya zama robobin kan lam ne suka cinye, Baba, mota mai wannan shekaru santimita ɗaya ba abin mamaki ba ne, wataƙila ma tun kafin tafiyar yake. Sandar kuwa ba da ido ake gane ta ba. A ciro ta a mirgina a kan siminti mai sulɓi, in tana da doro za ta nuna kanta.

Tsohon_Direba_Bermo:
Ku duka biyu kuna iya yin gaskiya. Na taɓa ganin wadda uwar lam ɗin ce ta tsage daidai ramin bulon, ba a gani sai da anka warware damin duka. Yaro, man pon ɗin nan ka sake duba shi bayan sati, wani lokaci sai an zubar sau biyu ruwan ke ƙarewa.

Manomi_Mayahi:
Salam, ku gafarce ni na shigo a makare. Tawa Hilux ce mai pon a gaba, injin 3L. Ita ba ta gunji, amma in na faɗa rami a guje sai gaban duka ya kama kakkarwa har sai na taka birki na kusa tsayawa. Wannan ma rulma ce?

Baba_Makaniki:
Wannan ta fi kama da pibo ko rotil. Ka ɗaga ka girgiza yadda na faɗa a sama, ka zo muna da abin da ka ji. Ɗan_Bagalam, yaushe za a buɗe lam ɗin?

Ɗan_Bagalam75:
Jibi in sha Allahu, Baba, sun ce in kawo ta da sassafe kafin rumfar ta cika. Zan sa a ciro sandar ma a mirgina a gabana. Tiyon hancin pon na riga na saya, mita uku, yana cikin mota.